Kati Huɗu da Makullin Saman Bene

Ranar Laraba aka wayi gari da sabon kwaɗo a ƙofar saman bene. Hajiya mai benen ce ta sa aka maƙala shi, ba ta kuma ce wa kowa komai ba. Cikin duk masu haya, mutum ɗaya abin ya taɓa da gaske: mai wanki da ke shago na uku a ƙasa. Ita ke wanke zannuwan gadon wani ƙaramin otal da ke bayan layi, guda arba'in kowace safiya, kuma ba ta da wurin shanya sai saman benen nan. Da ta kai zannuwan ranar da ɗanshi, manajan otal ya shinshina ɗaya, ya ce ya ba ta zuwa Asabar. In ba su dawo bushewa kamar da ba, zai nemi wata.

Ta yi niyyar ta hau ta tambayi Hajiya. Kuskurenta shi ne ta biya ta shagon yayanta tukuna.

Yayan nata mai ɗinkin littattafai ne, shagonsa na jikin nata. Mutanen layi suna ce masa Ƙamus, shi kuma ya karɓi sunan kamar lambar yabo, ko da yake wanda ya raɗa masa ba haka ya nufa ba. Shekarun baya wani ya kawo masa ƙaton littafi kan fasahar magana a yi masa bango, bai dawo ya karɓa ba. Ƙamus ya karance shi tas, ban da shafi arba'in na farko da gara ta cinye, inda mai yiwuwa marubucin ya bayyana amfanin abin. Tun daga nan ba a yin magana a gabansa bai gaya wa mai maganar sunan abin da ya yi ba. In ka ce masa yau an yi zafi, sai ya ce wannan shimfiɗa ce, yana jiran gundarin zance.

Ya tambaye ta me za ta ce in ta hau. Ta ce za ta ce don Allah a buɗe. Ya ajiye allura, ya cire tabarau, ya dube ta kamar ta ce za ta shiga kogi da buhun siminti a ka.

"Haka ake asarar hakki, ƙanwata. Ba a kai magana tsirara. Ke kuma nauyin baki gare ki."

Ta ce ta ji, ya ba ta hanya. Bai ba ta ba. Ya bayyana mata cewa kada ta rikita nauyin baki da kunya ko kawaici. Mai kunya ya san abin faɗa, idon mutane ne ya yi masa yawa. Mai kawaici ya sani, ya zaɓi ya kau da kai. Mai nauyin baki kuwa maganar tana nan a ciki, abin ɗago ta ne babu. Ya ce ta bar masa komai, ranar Asabar da safe makulli zai shigo hannunta, Hajiya ma sai ta ba ta haƙuri. Ba shi ne ya taɓa ɗinke wa wani lauya littafi a kife, ya yi ta yi masa bayani har lauyan ya tafi yana godiya ba? Ita dai ta tuna cewa lauyan bai sake dawowa ba, amma ta yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin hujja.

Da la'asar ya tara mutum uku a shagon mai aski: mai askin kansa, da matar da ke da kemis a kusurwa, da Baba direba, wanda ya yi ritaya yana zaune a hawa na ɗaya. Dukansu suna ganin mutuncin mai wanki, shi ya sa suka zo. Ƙamus ya ce kafin a tunkari Hajiya dole kowa ya san sunan bakinsa.

Mai aski ya ce nasa ba sai an bincika ba, kowa ya san shi fasihi ne. Ƙamus ya girgiza kai.

"Fasihi yana magana don abu ya zauna a zuciya. Kai kana yi ne don kada shago ya yi shiru. Sunansa surutu. In ka ɗaga murya ya zama ɓaɓatu, in ka manta inda ka faro ya zama zuba."

Mai aski ya shafe kusan rabin awa yana kawo hujjojin cewa shi ba mai surutu ba ne. A tsakiya ya ratsa ta kan labarin wani kawunsa da ya taɓa hawa jirgin ruwa, bai kuma samu hanyar dawowa ba.

Mai kemis ta ce ita gaskiya kawai take faɗa, wanda ba ya so ya toshe kunne. Ƙamus ya ce gaskiya abin da aka faɗa ne, kaushi kuwa yadda aka faɗe shi, kuma ita ko sannu ta ce wa mutum sai ya duba jikinsa ya ga inda ya yi jini.

"Kai kuma in ka ce sannu, sai mutum ya nemi kujera," in ji ta.

Ya yaba, ya ce wannan baƙar magana ce tsantsa, ba gatse ba, don gatse yana faɗin kishiyar abin da ake nufi, ita kuwa abin da take nufi ta faɗa. Ta tambaye shi ko mari ma yana da rabe-rabe. Ya matsa da kujerarsa kaɗan, ya juya kan Baba direba.

Baba ya shekara talatin yana tuƙa manyan mutane, bai taɓa ce wa ɗayansu a'a ba, bai kuma taɓa ce masa i ba. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara da yabon agogon. Ƙamus ya ce wannan ba ladabi ba ne, kewaye-kewaye ne, domin ladabi yana isa inda za shi, kewaye kuwa mai yake ƙonawa. Baba ya ce ai kam akwai ƙamshin gaskiya a maganar, ko da yake wani zai iya kallon ta ta wani gefen, amma dai Allah ya sa mu dace.

Sannan Ƙamus ya buɗe shirinsa. Hajiya ta san bakin kowa, ta riga ta tanadi amsar kowa. Saboda haka za a yi mata ba-zata: kowa zai je da bakin da ba nasa ba. Mai aski zai ɗauki taƙaitawa, kada ya wuce kalma biyar a numfashi ɗaya. Mai kemis za ta ɗauki lallashi. Baba direba zai ɗauki kaifi. Shi kuma zai tsaya bayan kujerar Hajiya yana ɗaga kati, wanda ya ga nasa ya yi magana, in an sauke ya yi shiru. In Hajiya ta yi laushi, sai ya rufe da balaga, wadda ita ce uwar duka, kuma shi kaɗai ke da ita. Doka ɗaya ce: ba mai ambaton kwaɗo, ko makulli, ko saman bene, sai an ɗaga katin ƙarshe. Buƙata, in ji shi, wanda ya faɗe ta da wuri ya zubar da ita.

Mai wanki ta tambayi nata aikin. Ya ce ta zauna a gefe ta yi kalar tausayi.

Ranar Alhamis ya rufe shago ya yi katunan. Ba kwali ya yanka kawai ba. Ya yi musu bangon fata, ya buga haruffan da ruwan zinare, ya sa su a matsi har gam ya kama. A shagon da ke jikin nasa, ƙanwarsa tana bin jiƙaƙƙun zannuwa da dutsen guga ɗaya bayan ɗaya don su bushe, har tafin hannunta ya tashi.

Sauran ukun kuma ya ce su yi ta gwaji a wurin aikinsu, don baki ya saba.

Mai aski ne ya fara shan wuya. Mutumin da ya shekara goma yana zuwa aski, yana samun labarin duniya kyauta, ya shigo ya ji an ce, "Zauna. Sunkuya. Juya. Tashi." Ya fita ya gaya wa mai shayi cewa ba lafiya ba. Kafin azahar mutum shida sun shigo sun yi masa gaisuwar rashi. Yana so ya ce ba wanda ya mutu, yana so ya ba da labarin yadda aka yi, amma labarin ba ya shiga kalma biyar. Sai ya cije leɓe, idonsa ya kawo ruwa, masu gaisuwa suka ƙara tabbata.

A kemis, wani dattijo ya zo sayen maganin tari. Ya saba a ce masa ya daina shan ruwan sanyi ko ya daina damun mutane. Ranar sai mai kemis ta fito daga bayan teburin sayar da magani, ta ba shi kujera, ta sassauta murya ta ce, sannu Baba, komai na duniya haƙuri ne, ya riƙa hutawa, ya ci duk abin da ransa ke so. Dattijon ya karɓi maganin, ya koma gida ya sa a kira masa 'ya'yansa duka, har da na nesa.

Baba direba kuwa a gida ya yi nasa gwajin. Aka kawo abincin rana, ya ɗanɗana, ya tattaro ƙarfin halin shekara talatin da biyar na aure, ya ce wa matarsa gishiri ya yi yawa, kuma ba yau ya fara yawa ba. Matar ta miƙe. Ta ɗauke kwanon, ta rufe, ta kai wa maƙwabta. Ranar Juma'a a shagon mai aski ya ci burodi, su biyu suna kallon juna, ɗaya ba shi da izinin magana, ɗaya yana tsoron abin da zai fito.

Da suka kawo kuka, Ƙamus ya ce wannan alamar nasara ce. In kwana biyu sun girgiza layi guda, ina ga tsohuwa ɗaya?

Asabar da hantsi suka hau. Ba su kaɗai ba. Matar Baba ta biyo su ta ga wanda ya koya wa mijinta baki. 'Ya'yan dattijo mai tari, da suka gano uban nasu lafiyarsa ƙalau, sun zo neman bayani. Masu gaisuwar rashi ma sun ji ƙishin-ƙishin. Matattakala ta cika tun daga ƙasa har ƙofar falo, kuma ba wanda ya tuna ya rufe ƙofar.

Hajiya tsohuwar shugabar makaranta ce, ƙarama, mai farin tabarau. Ta sa aka kawo shayi, ta nuna wa kowa wurin zama. Ƙamus ya ce bayansa na ciwo, zai tsaya, ya zagaya bayan kujerarta da katunan a cikin riga. Abin da bai lura da shi ba shi ne talabijin ɗin da ke fuskantar Hajiya a kashe yake, kuma gilashinsa baƙi ne mai sheƙi. Matar da ta shekara talatin tana rubutu a allo tana karanta abin da ake yi a bayanta ta gilashin taga ba ta buƙatar fiye da haka.

Ya ɗaga LALLASHI. Mai kemis ta karkatar da kai, ta tambayi Hajiya gwiwa, ta tambayi barci, ta ce ai Hajiya uwa ce ga kowa, inuwa ce, Allah dai ya bar musu ita.

Hajiya ta dube ta ta saman tabarau. "Ke ce kuwa? Ba ke kika ce mini bara in rage maiƙo ko in sayi likkafani ba?"

Mai kemis ta buɗe baki za ta ce har yanzu shawarar tana nan, ta hango katin, ta haɗiye, ta ce Allah ya ƙara lafiya.

Ya ɗaga TAƘAITAWA. Mai aski ya miƙe, ya ƙirga da yatsu. "Hajiya, mun zo da magana."

Ta ce tana ji.

Ya sake ƙirgawa. "An hana mu faɗa tukuna." Ya zauna yana haki kamar wanda ya sauke kaya.

Ƙamus ya ga abin yana neman sanyi, ya ɗaga KAIFI. Baba direba ya waiga yana neman abin da zai sara. Ya ce shayin ya huce. Ya ce labulen bai dace da kujerun ba. Da ya ga katin bai sauka ba, ya ce hoton marigayi mijin Hajiya a karkace yake, kuma da alama ya daɗe a haka. Daga matattakala matarsa ta ce, to kun ji, haka yake yi yanzu.

Nan Ƙamus ya rikice. Ya sauke wannan, ya ɗaga wancan, ɗaya ya faɗi, ya tare shi da gwiwa, ya ɗaga biyu tare. Mai kemis ta fara sannu, mai aski ya fara ƙirga, Baba ya ce carbin Hajiya ma na roba ne.

Hajiya ba ta juya ba. Ta ce, "Malam, na lallashin a kife ka riƙe shi." Ta miƙa hannu ta saman kafaɗarta. Hannun irin wanda ake miƙa wa ɗalibi ne, kuma Ƙamus ya taɓa zama ɗalibi. Ya zuba mata duka huɗun.

Ta jujjuya su, ta yaba ɗinkin, ta ce aikin hannunsa ba laifi. Sai ta ɗaga na lallashi don gwaji. Mai kemis, da kwana biyu suka horar, ta ce sannu Hajiya kafin ta san ta faɗa. Hajiya ta sauke, mai kemis ta tsaya. Hajiya ta sake ɗagawa, mai kemis ta sake sannu. Ta ɗaga na mai aski, ya ce yana jin fitsari, Hajiya, kalma huɗu, ya riƙe ta biyar don ko-ta-kwana. Dariya ta gangara matattakala hawa-hawa, waɗanda ke ƙasa suna tambayar na sama me aka ce.

Sannan Hajiya ta daina murmushi. Ta nuna kusurwar falon, inda wata roba ke ajiye rabi da ruwa, da wani tabo mai faɗin faranti a silin. Ta ce wata guda ke nan ruwa na ɗiga mata, ba kuma ruwan sama ba ne. Ta hau ta tarar an kafa turakun ƙarfe shida a cikin simintin rufinta, ruwan shanya yana bin su yana sauka. Ta ɗaga KAIFI, ta juya shi wajen Baba direba.

"Wa ya kafa su?"

Da a ce makon jiya ne, da Baba ya fara da cewa ƙarfe dai abu ne mai amfani. Amma ya ɗanɗana faɗin abu kai tsaye, ya ji daɗinsa, ga shi kuma ya kwana biyu yana cin burodi.

"Shi ne, ga shi nan bayanki. Ranar da kika yi tafiya. Ya ce igiyar ƙanwarsa ba ta da tsari, ya kwance ta daga bango, ya hau da guduma. Ta ce masa kada ya huda, ya ce ba ta san ilimin shanya ba. Ni na riƙe masa ƙarfen, har ya buge mini yatsa, ya ce laifin yatsan ne."

Ƙamus ya zagayo gaba, ya gyara riga, ya zaro takardu goma sha biyu daga aljihu. Ya ce lokacin balaga ya yi, in Hajiya za ta taimaka ta ɗaga katinsa, komai zai fito fili. Hajiya ta duba katunan, ta zaɓi ɗaya, ta ɗaga masa TAƘAITAWA. Ta ce ta lura dokar kalma biyar ce, kuma ita mai bin doka ce.

Ya dubi takardunsa. Ya dubi taron da ke ƙofa. Ya ja numfashi.

"Assalamu alaikum, ranki ya daɗe..."

"Sun ƙare," in ji Hajiya.

Mai aski, wanda ya fi kowa sanin zafin abin, shi ya fara faɗuwa daga kujera don dariya.

Da hayaniya ta lafa, Hajiya ta juya ga mai wanki, wadda ke zaune a gefe da hannu a naɗe cikin tsumma. Ta tambaye ta ina nata katin. Ta ce ba a ba ta ba. Hajiya ta ce to me ya kawo ta.

"Zannuwa arba'in ne a jiƙe a shago, Hajiya, kuma yau wa'adina ke cika."

Hajiya ta ce da mai wanki ta hau tun Laraba, da tun Laraba sun gama, don ba saboda igiya ta sa kwaɗo ba, saboda guduma ne. Ta ciro makulli daga jakarta ta sa mata a hannu, ta ce ita kaɗai za ta riƙe shi. Amma ba za a yi shanya ba sai an cire turakun, an cike ramukan da kwalta, an bar ta kwana uku ta kama. Wanda ya huda shi zai cike, da hannunsa. Katunan kuma ta riƙe, tana da taron dangi wata mai zuwa.

Mai wanki ta ce to na yau fa, da na kwana ukun?

Hajiya ta tambaya ko akwai wani ɗaki a ƙasa mai tsawo da iska. Mai kemis, da muryarta ta ainihi wadda kowa ya yi kewarta, ta ce akwai shagon wani mai fanka biyu na busar da gam, kuma mai shi ba zai buƙace shi ba, yana sama.

Kafin azahar an ɗaura igiya biyar daga bango zuwa bango a shagon Ƙamus, an tattare littattafai an tura ƙarƙashin tebur, fankoki suna ta aiki. Da la'asar manajan otal ya karɓi zannuwansa a bushe ƙayau. Ya shinshina, ya ce akwai wani ɗan ƙamshi kamar na sabon littafi, amma ba laifi, ta ci gaba.

Washegari wani malami ya zo karɓar littafinsa. Ya yi sallama, ya ɗaga zani, ya ɗaga wani, ya ɗaga na uku, sannan ya tarar da Ƙamus a tsugune yana neman tsohuwar rigar da zai sa. Ya tambaye shi ko ya canza sana'a ne. Ƙamus ya miƙe, ya share murya, ya ce a'a, wata nasara ce aka samu jiya a sama, amma kafin malam ya fahimce ta sai ya san cewa magana iri-iri ce, kuma ta farkonsu...

Daga matattakala aka kaɗa makulli.

"Yaya, kwalta tana hucewa."

Ya ce wa malamin ya jira shi, yanzu zai dawo ya ƙarasa. Malamin ya ɗauki littafinsa da kansa, ya sunkuya ta ƙarƙashin zannuwan, ya fita.